Kafin ku gangara kwazazzabo da goyo

Ɗan yayata da matarsa suna shirin zuwa Grand Canyon, wani katafaren kwazazzabo a jihar Arizona ta Amurka, a watan Yuli da jaririya 'yar wata huɗu, kuma duk hirarsu a kan inda za a ɗauki hoto take. Na kasa yi musu faɗa yadda nake so, don mu ma mun tafka wannan wautar a kudancin jihar Yuta ta Amurka. Cewa muka yi wanda ya sha Afrilu a Sakkwato, wane zafi Amurka za ta nuna masa? Ba ƙarya muka yi ba, mu manya mun jure. Jaririnmu ne ya galabaita, yana manne a bayan uwa, zafin jikinta a gabansa, rana a bayansa, ba mai ganin fuskarsa. Shirun da ya yi muka ɗauka barci ne. Ko da yake, wa ya gaya mana a lokacin?

To, ɗana, ka saurara. A bakin kwazazzabon kana sama da mita 2,000, iska na kaɗawa. Can ƙasa zafin kan wuce digiri 43. Gangara ba wuya, amma hawowa na cin ninki biyu na lokacin. Masu kula da wurin da kansu suna gargaɗi kada a yi tafiya tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma.

Yaron da bai kai wata shida ba, ba a ba shi ruwa, ba a shafa masa man kare rana. Nono akai-akai, inuwa, hula, riga mara nauyi mai dogon hannu. Uwar ce za ta sha, aƙalla lita huɗu a yini. Ku riƙa duba kunzugu: in fitsari ya ragu, maɗiga ta lotsa, kuka ba hawaye, ku juya nan take. Jakar goyo mai ƙarfe kuwa sai yaro ya iya zama da kansa.

Kada ku kafa tanti a busasshen rafi, komai laushin yashinsa. Mutanen Agadas sun san halin kori: ruwa ya zuba can nesa, ambaliya ta iske ka rana tsaka. A 1997 mutum 11 suka mutu haka a matsattsen kwazazzabon Antelope Canyon da ke Arizona, a 2015 wasu bakwai a gandun Zion da ke Yuta. Matsattsen kwazazzabon da kuke gani a Instagram, shi ne mafi haɗari, amma ku yaran yanzu in babu hoto kamar ba a je ba.

Ni dai da kun bari jaririyar ta yi ƙafa. In kuma kun nace, ku je a Oktoba, ku tsaya hanyoyin sama kusa da mota, ku tafi da kayan sanyi, don daren hamada na daskarar da hannun jariri. Kunzugun da ya ɓaci a ƙulle shi a leda a fito da shi, ba a binnewa.