setTimeout da layin jira

Yaran da nike koya ma JavaScript, harshen rubuta manhajar kwamfuta, nan Sakkwato kusan dukansu abu guda ke ruɗa su, wato setTimeout. Umarni ne da za ka ba shi aiki ka ba shi lokaci, ya yi aikin bayan lokacin ya cika, da milisakan ake ƙirgawa, 1000 shi ne daƙiƙa guda, 60000 minti guda kenan, irin wanda ake sa ma maɓallin sake turo lambar OTP don kada mutum ya yi ta dannawa.

Amma wallahi abin da nike so su gane, lokacin da ka sa mafi ƙaranci ne kawai. JavaScript aiki ɗai-ɗai yake yi, in lokacin ya cika yana tsakiyar wani lissafi mai nauyi to naka sai ya bi layi kamar jarkoki a bakin famfo, ko sifili ka sa sai na gabansa ya gama tukuna. In mutum ya koma wani shafin kuma burauza kan rage masa gudu. Lambar da setTimeout yake maido maka ka adana ta, da ita ake clearTimeout, wato soke aikin, in an fasa.

Abin da ya fi damuna masu son tura tunatarwar biyan bashi bayan wata guda da shi. Iyakarsa milisakan 2147483647, kwana 25 ma bai cika ba, ka wuce haka sai ya tashi nan take. Ko bai kai ba, a ɗauke wuta sabar, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, ta mutu, lokacin ya tafi da ita don a ƙwaƙwalwa yake zaune. Irin wannan rubuta ranar a rumbun bayanai, ka sa cron, mai tada aiki lokaci-lokaci a kan saba, ya riƙa dubawa.