Ranar da Sanatoci Suka Zauna Kan Maganar Garinmu

Ɗinki ne ya kawo ni Legas daga Maraɗi, shagon wani Alhaji Bakano a Agege. Kafin damunar 2023 ba ruwana da majalisar Najeriya. Mu a gida majalisa ɗaya muka sani a Yamai, mai kujeru 171. Nan kuwa biyu ce: ta dattawa mai sanatoci 109, kowace jiha uku, Abuja ɗaya, sai ta wakilai mai mutum 360, inda Legas kaɗai ke da 24. A teburin mai shayi kullum gardamar albashinsu da motocinsu ake yi, ni dai in shanye shayina in koma kan keke.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke ba mu, ECOWAS ta ba sojojinmu wa'adin mako guda su mayar da mulki, ko a yi amfani da ƙarfi. Shugaba Tinubu ya aika wa majalisar dattawa takarda kan shirin tura soja Nijar. A bakin Alhaji na ji cewa tsarin mulkinsu ya hana a fitar da soja waje yaƙi sai sanatoci sun yarda, shelanta yaƙi kuma sai majalisun biyu sun zauna tare. Ashe mutanen nan da ake zagi kowane dare su ne tsakanin Inna da igwa.

Daren nan na buɗe baki a teburin shayi, na ce, "To 'yan majalisar wakilai fa, su ma za a tambaye su?" Wani yaro haifaffen Agege, da bai kai sa'an ƙanena ba, ya ce, "Kai Buzu, ina ruwanka da majalisarmu? Ku taku ai soja sun garƙame ta." Aka kwashe da dariya, har da dattawan da muke sahu ɗaya a masallaci. Wallahi har yau in na tuna sai cikina ya yi zafi. Ni da kakannina suka fito daga Katsina, sarkinmu ma har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, wai yaron da bai taɓa ganin Jibiya ba shi zai raba ni da maganar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai gaskiya a rabin zancensa: tamu majalisar an rushe ta, ba mu da inda za a miƙe a ce a'a. Na biya kuɗin shayi na tashi. Alhaji ya ce, "Ka yi haƙuri ɗana, yarinta ce." Haƙurin na yi, amma ban ƙara zama teburin ba.

Ran Asabar 5 ga Agusta sanatoci suka shiga zaman sirri, shugabansu Akpabio ya fito ya ce a bi hanyar sulhu. Sanatocin Arewa tun kafin nan sun lissafo jihohi bakwai da ke jingine da mu, daga Kebbi har Borno, sun ce yaƙi zai shafe su. Ni kaɗai a shago na saurara, rediyo a kan teburin yanka.

Na kira gida, wayar Inna a mace, babu wutar caji. Sai washegari na samu Yaya ta wayar maƙwabci. Ba ta ma tambayi labarin sanatoci ba, kukan tsadar shinkafa ta yi, da maganin hawan jinin Inna da ya yi wuya a kanti. Sannan ta ce an sa ranar auren autarmu bayan kaka. Na ɗinka mata kala uku da hannuna, na naɗe a leda, direbobin da na sani kowa ya ce ba zai ɗauki kayan amana ya bi da su daji ba. Najeriya ba ta buɗe iyaka ba sai Maris 2024, lokacin amarya har ta fara laulayi. Wani tela a unguwarmu ne ya ɗinka mata na biki, kuma a hoton da aka turo mini kafaɗar rigar a karkace take.