Man giya mai tsada a bak-aksil (aksil ɗin ƙafafun baya) na tirela: yana biyan kuɗinsa?

Tirelar da ke jan kaya daga Legas zuwa Kano cikin zafin bazara, man sintetik (mai tsadan, wanda aka haɗa da sinadarai) mai lambar kauri 75W-140 zai biya kuɗinsa, domin ba ya saurin tsinkewa idan haƙoran giya sun ɗau zafi. Amma tifar da ke shiga rafi ɗibar yashi, zuba mata shi asara ce: ruwa na shiga aksil ɗin ta bututun numfashinsa, man ya koma kamar kunu, dole a zubar. Gara 85W-140 na gama-gari a riƙa canzawa akai-akai.

Ko wanne ka saya, duba GL-5 (lambar da ke nuna man yana jure matsi mai ƙarfi) a jikin jarka. GL-4 ba ya jure matsin haƙoran, sai aksil ɗin ya fara kuka. Cika har bakin ramin zubawa, mota a daidai. Garin ƙarfe a maganaɗisun murfin ƙasa (na juye mai) ba komai; ɓarɓashi kuwa, boris ko haƙoran giya sun fara ci.