Wata takwas da tayar tsere a titunan Sakkwato

Motata Dodge Charger ce mai silinda takwas, ta hannu, daga Amurka ta biyo ta Kwatano. Ƙafafun baya ne ke janta, kuma ƙarfin injin ya fi ƙarfin tayoyin da ta zo da su. Da na ɗan taka totur a wurin tashi sai baya ya kama kartar kwalta yana ƙara, motar na nan inda take. Abin ya daɗe yana damuna. Da na yi wa wani ɗan'uwana da ke zaune a Amurka ƙorafi, sai ya ce akwai tayar da 'yan tseren mota ke sa wa ƙafafun baya, ana ce mata dirag radiyal. Ya sako mini guda biyu a cikin kayan da yake aikowa gida.

An yi irin wannan taya ne domin tseren miƙe, wanda mota biyu ke tashi daga tsaye su yi gudun mita 402. Kamfanoni irin su Mickey Thompson da Nitto da Toyo suna yinta. Robarta laushi gare ta ƙwarai, gefenta ma yana lanƙwasuwa, don ta baje a ƙasa ta kama kwalta lokacin tashi. Tana da ɗan zane da tambarin DOT, wato na ma'aikatar sufurin Amurka, shi ya sa a can aka yarda a hau titi da ita. Wannan yardar ce na ɗauka a matsayin izinin in yi zirga-zirgar yau da kullum a kanta.

A watan Janairu na kai su wurin mai facin da nake hulɗa da shi shekara da shekaru, dattijo ne da ya girme ni nesa. Ya danna farce a jikin robar, farcen ya shige. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wagga taya ba ta hanya ba ta. In bazara ta kama, cinye ta kwalta za ta yi." Na ce, "Baba, a sa dai mu gani." Ya sa, amma ya ce in riƙa kawo ta yana aunawa. Albarkacin wannan shawara tasa nake da lissafin da zan bayar.

Ranar da aka ɗaura su zurfin zanen bai cika milimita 5 ba. Sabuwar taya ta gama-gari tana zuwa da kusan milimita 8. A cikin kwarin zanen kowace taya akwai 'yan tudun roba masu tsayin milimita 1.6, kuma da zane ya sauko ya yi daidai da su, taya ta ƙare. Ke nan robar da zan ci ba ta fi milimita 3 da 'yan kai ba, rabin ta tayar da na cire. Sannan a gefen taya akwai inda aka rubuta TREADWEAR da lamba a gabansa, wadda ke nuna jurewar robar. Tayoyin da muka saba da su sukan kai 400 zuwa 600. Tawa 100 ce, wasu irinta ma sifili ake rubuta musu. Duk wannan yana rubuce a jikin tayar tun ranar farko.

Makonnin hunturu sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. A kan kwalta mai tsabta motar takan tashi kamar an harba ta, babu karta, babu ƙara. Sai dai kwalta mai tsabta ba ta da yawa a garin nan. Iska na kwaso rairayi ta shimfiɗa a gefen titi da bakin shataletale, kuma roba mai danƙo komai ta taka sai ya manne mata. In na fito daga layinmu na Arkilla, wanda ba kwalta, sai in ji tsakuwa na dukan ƙarƙashin motar har in yi nisa. Tayar da ta lulluɓe da yashi kuwa ba ta fi kowace taya riƙo ba.

Kuskurena na farko a iska ne. Na ji 'yan tsere na rage ta zuwa ƙasa da 20 a geji, sai na sa 22 na kama hanyar Tambuwal. Kafin in wuce Boɗinga na ji bayan motar na lilo duk lokacin da na kauce wa rami. Na tsaya na taɓa tayar, hannu bai iya zama a kanta ba. Su 'yan tseren daƙiƙa goma sha wani abu suke yi su tsaya, ni kuwa tafiyar fiye da awa ɗaya ce a gabana. Taya mai ƙarancin iska murɗewa take yi a kowane juyi, murɗewar kuma ita ke haifar da zafi. Daga ranar na koma 32, kuma da sassafe nake aunawa kafin motar ta motsa, domin iska na hawa kusan ɗaya a geji duk sanda zafi ya ƙaru da digiri biyar zuwa shida. Awon da aka yi da azahar a Sakkwato ba abin dogaro ba ne.

Ƙarshen Maris na yi kilomita 3,500, zanen ya sauko zuwa milimita 3.9. Na ji daɗi, na ce a haka za mu ga ƙarshen shekara. Sai bazara ta shigo. Afrilu da Mayu a nan zafi na wuce digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa ta fi haka nesa. A kilomita 3,500 na biyu robar da ta tafi ta kusa ninka ta farko, zanen ya koma 2.4. Ban taɓa ƙona taya don wasa ba, zuwa aiki ne da kasuwa da kai yara makaranta da zuwa gida sau biyu a wata. Kuma ba halin in mayar da su gaba don su huta kamar yadda ake juya tayoyi, tunda ba a yi su don ƙafafun sitiyari ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne riƙon ya riga zanen tafiya. Duk sanda irin wannan roba ta yi zafi ta huce, sai ta ɗan ƙara tauri. Mota mai fita sau huɗu ko biyar a rana, ga ta tsaye cikin rana tsakanin fita da fita, a wata uku ta yi wannan zagaye sau ɗaruruwa. Wajen watan Yuni Baba ya sake danna farce, bai shiga ba. Kartar da na gudu ta dawo. Na rasa abin da na sa tayar dominsa, ga shi kuma tana ci gaba da cinyewa.

Damina ce ta yanke hukunci. Wata ranar Agusta ruwa ya same ni a hanyar Mabera, yarana biyu na baya. Gudun bai kai 60 ba. Na shiga wani wuri da ruwa ya kwanta, sai na ji bayan motar ya yi sakayau ya fara zamewa gefe. Aikin zane shi ne ya kore ruwa daga ƙarƙashin taya, in babu shi taya hawa kan ruwan take yi. Na ɗaga ƙafa daga totur ban taɓa burki ba, Allah ya kiyaye ta dawo daidai. Na gangara gefe na tsaya har ruwan ya ɗauke, hannuna na rawa, ƙaramar na tambayata, "Abba, me ya faru?"

Washegari na je wurin Baba. Kilomita 9,000 da 'yan kai ke nan, tsakiyar tayoyin ya suɗe ya yi daidai da tudun nan. Tayoyin gaba, waɗanda suka riga su hawa motar, har lokacin da sauran zanensu. Bai tuna mini maganarsa ta Janairu ba. Ya ce, "Alhaji, mi za mu sa?" Na ce mai faɗi, mai zurfin zane, wadda lambarta ta TREADWEAR ba ta gaza 300 ba. Muka duba lambobi huɗun ƙarshe na layin DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, don kada in ɗauko wadda ta tsufa a shago.

Wani matashi maƙwabcinmu mai BMW ya zo kwanan baya yana neman in haɗa shi da ɗan'uwana a aiko masa irinsu. Na shigar da shi gareji na nuna masa tsofaffin, na ce ya danna farce. Na tambaye shi ko yana da wasu ƙafafu na daban da zai ɗaura su a kai, da filin da aka killace don tsere, yadda zai sa su na yini ɗaya ya cire. Ya ce ba shi da ko ɗaya. Na ba shi takardar da Baba ya riƙa rubuta awon a ciki, na ce ya tafi da ita gida ya duba.