Ina na la'asar?

Da muka baro Tawa zuwa Yamai da ɗana mai shekara 13, cuta ɗaya na san mun kawo, sankarar jini. Ba a yi kwana goma da fara magani ba sai ga ta biyu, hawan sukari a jini. Yaro ya dinga kwankwaɗar ruwa, dare ɗaya ya tashi fitsari sau biyar, ni kuwa ina ta ɗora wa zafin Afrilu laifi.

Likita ta ce aikin magani ne. Ƙwayar prednisone da yake sha kowace safiya tana hana insulin, wato sinadarin jiki mai sauke sukarin jini, aiki sosai, allurar asparaginase kuma tana rage wanda jiki ke samarwa. Ga shi ƙwayar tana buɗe ciki. Sai ya share kwanon shinkafa da wake, kafin in wanke kwanon yana tambayar burodi.

Na sayi na'urar awon sukari. Kullum da asuba, kafin ya karya kumallo, in soki yatsansa, in ga 1,1 ko 1,2 g/L, in yi hamdala. Kwana huɗu ina haka. Ranar da na kai takardar, likita ta duba ta ce, "Hajiya, ina na la'asar?" Aka auna nan take: 3,2. Ashe ƙwayar safe sai rana ta take tsaka take tada sukari, ya yi ta hawa har magariba, cikin dare ya sauko. Wato ni ina zuwa ne bayan kasuwa ta watse.

Aka sa shi a allurar insulin, awo ya koma sau huɗu a yini. Na koyi yin allurar da hannuna, ina yi hannu na rawa. In an ɗauke wuta, sai in sa kwalbar a leda in jingina ta da randa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne surukata. Tausayin jika ya sa take faki idona ta dama masa fura da sukari. Na ce, "Inna, ki ba shi furar, amma ludayi biyu, ba sukari." Ta yi fushi kwana biyu, daga baya ita ke kwaɗa masa zogale. Wani kawunsa ma cewa ya yi a bar ƙwayar tunda ita ke kawo sukarin. Na ƙi, don ƙwayar tana cikin masu kashe sankarar.

Bayan mako huɗu aka fara rage prednisone, ni kuma ban tambaya ko za a rage insulin ba. Wata hantsi na same shi yana gumi mai sanyi, jiki na kyarma. Awo ya nuna 0,6. Sukarin da na ɓoye a ƙasan akwati shi na lalubo, na jiƙa ƙwara uku ya sha. Ranar likita ta rage allurar, bayan 'yan kwanaki ta tsayar da ita. Har yanzu in za mu asibiti da ƙwara uku ƙulle a bakin zanena.