Takobin Baba a Hanyar Tambuwal

Da aka zo rabon gadon mahaifinmu, babu wanda ya yi jayayya da ni a kan takobinsa. Aka yi masa kuɗi, aka cire daga kasona, na ɗauko abina. Takobin fareti ne irin na hafsoshi, wanda ya riƙe tun bayan fitowarsa daga makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna. A gindin ruwansa akwai sunan Wilkinson, kamfanin nan na Ingila da ya daina ƙera takubba a 2005. Ba shi da kaifi, ko albasa ba zai yanka da daɗi ba, sai dai tsini.

Mu Sakkwatawa ba ma ganin takobi a matsayin abin tsoro. Mun tashi muna ganinsa rataye da hamila a kafaɗar mahaya ranar salla, muna ganin Buzaye da nasu a kasuwa, kuma duk wanda ya leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu ya ga makaman kakanni. Ko filin Giginya, inda aka gwabza da Turawa a watan Maris na 1903, sunansa barikin sojan garin ke amsawa yau. Wannan sabon shi ya cuce ni.

Ƙanena zai yi aure a Tambuwal, ya roƙe ni in taho da takobin ya ɗauki hoto da shi. Inna ta ce mini, "Kai wane, bar abin ga gida, zamani ya canza." Na yi dariya. Don kada yara su yi wasa da shi a mota, sai na tura shi ƙarƙashin kujerar direba.

Bayan mun wuce Bodinga muka tarar da shingen bincike. Jami'in ya tambaye ni ko akwai wani abu a motar, na ce babu, don wallahi a raina ban ɗauke shi makami ba. Yana sunkuyawa sai ga ƙotar tana sheƙi.

"Alhaji, wanga fa?"

"Ranka ya daɗe, na mahaifina ne. Soja ne, ya rasu."

"To, mi ya sa ka ɓoye shi?"

Nan bakina ya mutu. Kuma ban ga laifinsa ba. A jihar da mutanen Isa da Sabon Birni ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, ka ce babu komai sannan a zaro ƙarfe mai tsawon kamu biyu daga ƙarƙashinka, ai kai ka jawo. Kusan awa uku muka yi a gefen titi, sai da ɗan'uwana ya biyo mu a babur da takardar sallamar Baba da wani tsohon hotonsa cikin kayan fareti, takobin a kwiɓinsa. Ɗaurin auren dai a waya na ji an shafa fatiha.

Daga baya na zauna da wani lauya abokina. Ya ce dokar da ta wajabta lasisi ta bindigogi ce, ba ta haɗa da takobi ba, don haka ajiye shi a ɗakina ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne fita da shi. Dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1979 ta hana shiga taro ko jerin gwano da makami ba tare da izini ko uzuri karɓaɓɓe ba, dokar zaɓe ma ta hana shi a gangamin siyasa da rumfar zaɓe. Rashin kaifi ba hujja ba ce. Ya ƙara ja mini kunne kada ango ya kuskura ya haɗa da kakin Baba, don farar hula ya sa kayan soja wani laifin ne daban.

Sau biyu na sake fita da shi tun daga nan. Nakan naɗe shi cikin kubensa da tsohon bargo, in ɗaure, in sa a but, kwafin takardun Baba da na rabon gado suna aljihun gaba. Ana tsayar da ni, kafin a tambaya nake cewa, "Yallaɓai, akwai takobin fareti na gado a baya, ga takardunsa." Na farko ya buɗe ya duba. Na biyu ma sara wa hoton ya yi, ya ce in wuce.

Yanzu yana rataye a ɗakina, sama da inda hannun yara zai kai. Da damina nakan goge shi da ɗan man keken ɗinki saboda tsatsa. Wani maƙeri a Maƙera Assada ya ce in kawo ya wasa mini shi, na ce a'a, a bar shi yadda mai shi ya bar shi.