Ranar da buta ta suɓuce daga hannun Kawu

Asabar, da dare.

Yanzu na dawo daga asibiti, jikina duk ya yi tsami, amma barci ya ƙi zuwa.

Da asuba Inna ta kira ni tana kuka. Kawu na cikin alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, harshe ya yi nauyi. Kafin in isa har maƙwabta sun cika tsakar gida. Wannan na cewa iska ce ta buge shi a kawo hayaƙi, waccan ta wanko rubutu tana so a ɗura masa. Na ce, "Inna, don Allah ki bari mu tafi asibiti yanzu, addu'a ma yi ta a hanya." Allah Ya sa ta yarda, muka tare adaidaita.

Tambayar farko da likita ya yi mana ita ce, ƙarfe nawa abin ya fara? Ashe abin da ya sami Kawu shanyewar ɓarin jiki ce, kuma iri biyu ce: ko dai gudan jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe jini ya zuba. Sai an yi hoton kai ake bambancewa, shi ya sa ba a ba mutum asfirin, mai tsinka jini, da ka. Idan toshewa ce, akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma sai cikin awa huɗu da rabi da farawa, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Na Kawu toshewa ce, a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa damansa ta mutu. Nas ta kuma hana a ba shi ko ruwa sai an gwada haɗiyarsa, don kada ya sarƙe ya gangara huhu. Da na tuna rubutun nan na asuba sai da gabana ya faɗi.

Awon jininsa 190/110 ya nuna. Nan ne Inna ta faɗi abin da ya fi ƙona min rai yau. Tun bayan Babbar Sallah ya ajiye ƙwayar hawan jininsa, wai ai ya warke, kansa ba ya ciwo. Kuma kwanan baya hannun nan ya taɓa yi masa sanyi na 'yan mintoci ya sake shi, aka ce gajiyar kasuwa ce. Likita ya ce wannan gargaɗi ne, da an zo a ranar da an yi wani abu. Ban ga laifin Kawu ba. Mutumin da ke ciyar da gida guda, yana jin kansa garau, da wuya ya ci gaba da sayen magani duk wata. Amma hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya shekaru da awonsa sama da 140/90 bai ji komai ba, jijiyoyi na ta lalacewa.

Likitan ya ambaci wani bincike mai suna SIREN kan abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, aka wallafa a 2018. Hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba. Suga da kitsen jini da barbaɗa gishiri a kan abinci ma suna ciki, cin ganye kuwa yana karewa. Zogale da alayyahu da ramar da muke rainawa ke nan.

Da yamma muka zauna da Inna a baranda muna lissafin magin da take sa wa miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi da yaji. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ɗan nan, daddawa za mu koma."

An ce masu gashin ƙashi za su fara motsa masa hannu da ƙafa da zarar ya daidaita. Gobe ni ke kwana wurinsa. Kafin nan zan kai Umma da Yaya kemis a auna mu gaba ɗaya, tunda abin yana bin dangi.